Tarihin Kakanta da Ta Rubuta Ya Sa Ubanta Ya Hana Ta Darasi

Anti Larai, ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle kuma lokaci ba ya jira na. Na daɗe ina karanta filin nan, ina yanke wa mutane hukunci tun kafin in kai ga amsarki, yau ga shi layi ya zo kaina. Na canza sunayen mutanen gidana, ko da yake duk wanda ya zauna a cocinmu ranar da abin ya faru zai gane mu tun ban yi nisa ba.

Ni 'yar kudancin Kaduna ce, aure ya kawo ni Zariya. Muna zaune a Muchia, ina sayar da citta da acca a kasuwar Sabon Gari. Maigidana ma'aikacin ofis ne, kuma dattijo ne a coci, mutum mai kirki amma mai son a ga girmansa. 'Yarmu, bari in kira ta Clara, tana ajin ƙarshe na sakandare, za ta rubuta WAEC bana. A kanta ne nake wannan dogon surutu.

Clara tun tana ƙarama akwai ta da hadda. A makarantar Lahadi ita ke cinye kyautar haddace ayoyi, har mata suna ce mini na haifi rediyo. Mu kuwa muka ɗauka ilimin ke nan. Sai da ta shiga babban aji asiri ya tonu. A darasin Turanci za a ba ta dogon rubutu a ce ta taƙaita, sai ta kwafe shi kaf ta cire layi biyu, a ganinta ta taƙaita. In aka haɗa mata rubutu biyu ko uku a kan magana ɗaya aka ce ta faɗi abin da ta fahimta, to ranar akwai kuka. Tana iya karanta miki shafi guda da ka, amma ki tambaye ta me mutumin yake nufi, sai ta tsaya tana kallon silin. Sakamakonta na Turanci kullum da jan biro yake dawowa, ga shi aikin jinya take so, kuma kowa ya san ba kiredit a Turanci ba maganar gaba.

Allah ya kawo mana Madam Folasade. Bayarbiya ce, tsohuwar malamar Turanci da ta yi ritaya, tana zaune a Samaru, tana zuwa sayen acca a wurina saboda ciwon suga. Wata Asabar ta tarar da Clara a bayan rumfa tana jijjiga kai tana haddace wani rubutu a kan zaizayar ƙasa. Ta karɓi littafin ta rufe, ta ce Clara ta faɗa mini abin da ke ciki da Hausa, yadda ni da na tsaya a firamare zan gane. Yarinya ta kasa. Madam ba ta yi mata dariya ba, ta dai ce in riƙa turo mata ita duk Asabar.

Anti, ban san da wane baki zan gode wa matar nan ba. Ba danginmu ba ce, ba yarenmu ɗaya ba, ko cocinmu ba ɗaya ba. Na kai mata acca ta ce sai dai ta saya. Na ɗinka mata atamfa ta ce in ajiye wa Clara ranar da za ta shiga makarantar jinya. In yarinyar ta je takan ba ta abinci, in hadari ya taso ta sa ɗanta ya sauke ta har ƙofar gida. Duk safiya sai na ambaci sunanta a addu'a kafin in ambaci na wasu 'yan'uwana na jini, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Yadda take koyarwa ma abin kallo ne, don Clara takan dawo ta maimaita mini a rumfa. Karatun farko ba a riƙe biro. In an gama a rufe takarda, a faɗi abin da aka ji da bakin kai. Sannan a tambaya, wa ya rubuta, yaushe, me ya gani da idonsa, me aka gaya masa. In rubutu uku ne sai a shimfiɗa su a tebur, a nemo inda suka yarda da juna, inda suka saɓa, da abin da dukansu suka tsallake. Madam takan ce mata wanda ya jera tumatir da tattasai da albasa a faranti bai yi miya ba, sai ya markaɗa su wuri ɗaya. Akwai ranar da ta ba ta rubutu uku a kan ledar da ke toshe magudanan ruwa, ɗaya na likita, ɗaya na ɗan kasuwa, ɗaya na ma'aikacin tsafta. Clara ta zauna a kan buhun citta ta warware mini su har na ga kowa da gaskiyarsa da kuma inda yake kare tuwonsa. A zangon da ya wuce ta zo ta uku a Turanci. Na yi rawa a tsakar gida, maƙwabta suka ɗauka biki aka sa.

To ga inda gizo yake saƙar. Surukina, Baba Shekari, ya rasu bara da tsufansa. Da shekara ta zagayo aka shirya sujadar godiya da tunawa da shi. A al'adarmu a irin wannan taro akan karanta tarihin marigayi a gaban jama'a, kuma babban ɗa namiji ne mai wannan magana. Ko wani ya rubuta, da bakinsa ake yi, abin da ya ce shi ne tarihin gida. Kusan duk iri ɗaya ne: an haife shi a wuri kaza, ya yi aure, ya bauta wa Allah, ya bar 'ya'ya da jikoki. Maigidana shi ne babban ɗa namiji. Amma hidima ta sha masa kai, ga rumfuna, ga kujeru, ga baƙi daga ƙauye. Sai ya ce ai ga mai Turanci a gida, Clara ta rubuta ta kuma karanta. A tsaye, yana ɗaura takalmi, ya faɗa mata abin da za ta rubuta: Baba mai bishara ne, mishan ce ta turo shi Zariya, ya yi wa'azi har ƙarfinsa ya ƙare. Wannan shi ne labarin da maigidana yake bayarwa tun da na san shi, kuma da shi yake tinƙaho a taron dattawa.

Yarinyar da aka koya wa kada ta tsaya a kan majiya ɗaya, sai ta hau mota ta tafi Shika wurin Goggo, yayar maigidana, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba. Goggo ta ce ita da wayonta Baba kuku ne a gidan wani Bature a Samaru, har tana tuna gutsuren burodin da yake kawo musu a aljihu. Daga nan Clara ta wuce wurin Papa Ugo, wani tsohon Ibo abokin Baba, wanda yanzu yake wuni a benci a shagon ɗansa na kayan gini. Shi kuma ya ce tun suna samari suka haɗu a tashar jirgin ƙasa suna dakon buhunan gyaɗa da auduga, kuma a jikin buhunan nan Baba ya fara koyon haruffa, yana bin su da yatsa shi Papa Ugo yana faɗa masa sunayensu.

Clara ta shimfiɗa maganganun nan uku kamar yadda aka koya mata. Ta ce babu maƙaryaci a cikinsu, kowa Baban da ya tarar ya faɗa. Ta rubuta cewa ya zo Zariya lebura, ya koyi karatu a jikin buhu, ya yi aikin kuku, daga baya ya zama mai bishara, kuma ta ambaci wanda ya faɗi kowane. Ta karanta mini a rumfa na yi hawaye, ko kaɗan bai zo mini a rai in ce ta nuna wa babanta ba. Shi ma bai tambaya ba.

Ranar taro ta hau gaba ta karanta da Turanci, tafinta yana juyawa zuwa Hausa. Goggo ta fashe da kuka tana cewa yau aka ambaci ubanta na gaskiya. Papa Ugo ya cire hula. Fasto ya ce bai taɓa jin tarihi mai daɗin wannan ba. Ni ina ta washe baki, sai da na waiga na ga fuskar maigidana ta sauya. Wurin cin abinci kuma wani dattijo abokin wasansa ya ce ashe shi ya sa shinkafar ta yi daɗi, girki gado ne a gidan. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma ni na san irin wannan dariyar tasa.

Da baƙi suka watse ya ce Clara ta tsiraita shi a gaban jama'a, ta ɗora maganarsa a sikeli ɗaya da ta mace da ta baƙo, kamar shi ba ɗan gidan ba ne. Ya ce in abin da ake koya mata a Samaru ke nan, ta binciki maganar ubanta, to ta gama zuwa. Bai daka ba, bai zaga ba, ya dai faɗa sau ɗaya, kuma shi in ya faɗa ya faɗa. Asabar ta wuce, wata Asabar ɗin ma ta wuce, yarinya tana gida. Ta daina cin abincin kirki, na kuma gan ta ta koma jijjiga kai tana hadda, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Madam ta yi ta kira a waya ina cewa za mu zo. Da na hango ta a kasuwa sai na shige rumfar mai manja, ni da ya kamata in tare ta da murna.

Shi ma maigidan ba daidai yake ba. Maƙwabciyar rumfata ta ce ta gan shi a shagon ɗan Papa Ugo zaune a benci, ba sau ɗaya ba, kuma bai ce mini ya je ba. Ina tsoron kada ya je ya faɗa wa tsohon mutane magana. Shekaranjiya kuma na same shi a zaure tsaye a gaban buhunan cittata yana shafa rubutun jikinsu, na tambaye shi ko ɓera ne ya huda, ya ce a'a, ya wuce.

Anti, jarrabawa ta matso. Zuciyata tana ce mini in riƙa tura ta Samaru a ɓoye, in ce ta tafi koyon waƙa a coci. Wata zuciyar tana ce mini ban taɓa yi wa mutumin nan haka ba. Ba na so 'yata ta faɗi, ba na so in ci amanar mijina, kuma ba na so matar da ta yi mana alheri ta ɗauka mu butulu ne. Ina zan sa kaina?

Mai citta, Sabon Gari, Zariya

*

Maman Clara, sannu da ƙoƙari, kuma ki miƙa gaisuwata ga Madam Folasade. Irinta ba su da yawa, kin yi daidai da kike sa ta a addu'a.

Bari in fara da abin da kika tambaya kai tsaye. Kada ki tura yarinyar a ɓoye. Zariya ba ta da girman da za ta ɓoye miki wannan, wani zai gan ta a motar Samaru kafin wata ya ƙare. Ranar da maigidanki ya ji, maganar ta tashi daga tarihin Baba ta koma ke da 'yarki kun haɗa masa kai, kuma wannan ya fi wuyar gyara. Ban da haka, yarinyar da aka wahala aka koya wa faɗin gaskiya da hujja, bai kamata uwarta ta koya mata ƙaryar koyon waƙa ba.

Clara ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma yi rashin kunya da gangan ba. Aikin da ta yi mai kyau ne, manya da yawa ba za su iya ba. Ta ji bakin mutum uku, ta gane cewa saɓaninsu na zamani ne, ta ɗinke su suka zama mutum ɗaya. Da a jarrabawa ne da ta cinye. Amma akwai darasin da ba ta kai ba tukuna: takarda ba ta jin kunya, mutum yana ji. Rubutun likita da na ɗan kasuwa ba za su zauna a layin gaba suna sauraron yadda aka auna su ba. Babanta kuwa yana zaune, a gaban abokansa, a ranar da al'ada ta ce bakinsa ne bakin gida. Mai rubutu yakan tambayi wa ya faɗa, yakan kuma tambayi wa zai ji, a ina.

Shi ma maigidan yana da nasa kason. Wanda ya ba da aikin da sunansa ke kai, ya kuma kasa zama ya ji kafin ranar taro, bai kamata ya ɗora wa yarinya laifin duka ba. Ke ma, 'yar'uwa, kin ji rubutun kin yi hawayenki kin share, kin fi kowa sanin halin mijinki, amma ba ki ce a kai masa ba. Ban faɗa don in ƙara miki nauyi ba. Na faɗa ne don in kin je masa ki fara da naki, zai fi saurin sauka in ya ga ba shi kaɗai ake nuna wa yatsa ba.

Ki je Samaru da ƙafarki a makon nan, ki daina shiga rumfar mai manja. Ki faɗa wa Madam abin da ya faru tiryan-tiryan. Matar da ta yi shekaru tana koyar da 'ya'yan mutane ta ga abin da ya fi wannan, shirunki ne zai ɓata mata rai. Godiyar da take buƙata ke nan tun da ta ƙi acca ta ƙi atamfa. Ki roƙe ta ta ba ki rubuce-rubucen da Clara za ta yi aiki a kansu a gida, ki kuma gaya wa maigidan kin je kin karɓo, a tebur ɗin falo za a yi, a gabansa. Hannun yarinyar ba zai yi sanyi ba kafin a sasanta.

Sai Clara ta sami babanta shi kaɗai, lokacin da ya ci ya huta. Ta ba shi haƙuri a kan abu ɗaya tak, cewa ta karanta a gaban jama'a ba ta fara kawo masa ba. Kada ta ce abin da ta rubuta ƙarya ne, kada kuma ta tsaya kare shi. Daga nan ta roƙe shi abin da ya rage. Ki duba da kyau: ta zauna da Goggo, ta zauna da Papa Ugo, amma babanta a tsaye ya ba ta nasa yana ɗaura takalmi. A ƙa'idar Madam ma ba a taƙaita rubutun da ba a karanta har ƙarshe ba. Shi ne ya ga Baba a kan mumbari, shi ya san ƙauyukan da ya taka da wa'azin da ya yi. Ta ce masa tarihin bai cika ba sai da nasa, ta zauna ta ji ba tare da biro ba, ta sake rubutawa, shi ya fara gani. Maganar komawa Samaru kada ta fito daga bakinta a ranar. Ke za ki ɗauko ta bayan kwana biyu, ki tuna masa jarrabawa da burin yarinyar. In ya cije, ki nemi fastonku ya sa baki. Kada ki sa Goggo, ita tana cikin shari'ar.

Amma ban jin za a kai ga fasto. Kin ba ni labari biyu a ƙarshen wasiƙarki kina tsoro, ni kuwa su suka kwantar mini da hankali. Mai zuwa faɗa sau ɗaya yake zuwa, kuma ba ya zama a benci. Mijinki ya tashi ya tarar da ubansa da kwat da littafi a hannu, bai taɓa sanin saurayin da ya yi dako ba sai ranar, a bakin 'yarsa, a gaban mutane. Zafin da ya ji har da na wannan. Yanzu yana komawa wurin wanda ya gani da ido yana tambaya, yana dawowa gida yana bin haruffan buhu da yatsa. Ya hana Clara zuwa darasi, shi kuma ga shi can yana yin darasin a ɓoye.

Ki bar masa buhunan nan a zaure, kada ki sake tambayarsa ɓera. Allah ya ba Clara sa'ar jarrabawa, ya saka wa Madam Folasade da alheri, ya ji ƙan Baba Shekari, lebura, kuku, mai bishara.

Taku,
Anti Larai